Wanda ya ƙone Lahaina ba daga sama ya zo ba

Ranar wata Asabar da hantsi, a teburin mai shayi da ke bakin titin Bauchi a nan Jos, wani matashi ya miƙo mini wayarsa. "Baba, duba nan ka ga ikon Allah." Hoton wani dogon haske ne a tsaye daga sama har ƙasa, an rubuta a ƙarƙashinsa wai da wannan makamin aka ƙone garin Lahaina da ke tsibirin Maui a Amurka. Kafin a gama soya mini ƙwai, mutum huɗu sun riga sun gaskata. Wani dattijo ya ce ai ruwa ba ya tsami banza, attajirai ne ke kwaɗayin filayen bakin teku, shi ya sa aka tashi talakawa da wuta.

Abin ya dame ni, domin gaskiyar wannan gobara a fili take, kuma ta fi labarin makamin ciwo.

Wutar ta tashi ranar 8 ga Agustan 2023, ta hallaka mutum sama da 100. An daɗe ana noman rake a kewayen garin, har aka rufe masana'antar sukarin yankin a 1999, gonakin suka koma saura. Ciyayin da aka kai tun da daɗewa daga Afirka don kiwon shanu suka mamaye su, suka bushe ƙayau saboda fari. A ranar iska mai ƙarfi ta kaɗa, ta karya turakun lantarki. Rahoton da hukumar kashe gobarar Maui ta fitar tare da masu binciken gwamnatin tarayya a Oktoban 2024 ya nuna cewa wayar wuta da ta tsinke ce ta kunna ciyawa da sassafe. An ɗauka an kashe ta, ashe da sauran garwashi, da rana iska ta sake hura shi. Shi kuwa hasken da ake yawo da shi, an gano cewa ɗaya daga cikin hotunan na harba rokar kamfanin SpaceX ne tun a 2018.

Ku lura da wanda ke cin ribar labarin makamin. Tauraron ɗan Adam, wanda ake cewa daga shi aka harbo hasken, ba a kai shi kotu. Kamfanin lantarki kuwa ana kai shi, haka ma mai filin da ya bar ciyawa ta kai kafaɗa. A Maui shari'a ce ta kai ga yarjejeniyar diyya ta kusan dala biliyan 4. A garin Paradise na Kalifoniya, inda wutar 2018 ta kashe mutum 85, kamfanin lantarki na PG&E ya amsa laifin kisa ba da gangan ba a gaban alƙali, saboda tsofaffin kayan layinsa ne suka haddasa ta. Can ma an yi ta yayata zancen makamin haske irin wannan, wato leza. Da mutane sun tsaya ga wannan zance, da masu sakaci sun sha da ƙafar baya.

Ban ga laifin dattijon nan gaba ɗaya ba. Mu da muka ga babbar kasuwar Terminus ta ƙone a Fabrairun 2002 mun san yadda zargi ke tsirowa. Tambayi mutum goma musabbabinta, ka ji amsa goma, kowa da ɓangaren da yake nuna wa yatsa. Mun saba jin an kafa kwamiti, daga nan sai shiru, kuma duk inda hukuma ta yi gum, jita-jita ce ke magana a madadinta. Ana kuma cinna wuta da gangan a wasu lokuta, wannan ba abin musu ba ne. Amma faɗin haka yana buƙatar hujja, ba saƙon murya na WhatsApp da aka tura sau ɗari ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ɗabi'ar da muke koya. Wanda ya saba gaskata hoton Amurka ba tare da tambaya ba, haka zai yi ranar da gonar maƙwabcinsa ta ƙone. A garin nan namu da ya ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, kalmar "su ne suka sa wutar" ba hira ba ce, tana iya cin rai kafin magariba.

Alhali mun san yadda tamu wutar ke tashi. Hunturu na shigowa, ciyawar gindin duwatsun Shere ta bushe, yara su banka mata wuta don farautar gafiya, wani ya ƙone kara a gona ya tafi gida, wani ya jefar da guntun taba. Iska ta ƙarasa aikin.

Na ce wa matashin ya ɗaga kai. Saman rumfar mai shayin, wayoyin wuta uku ne suka yi lilo, an ɗaure ɗaya da tsumma, ga tulun gas a gefen kwalaye. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ofishin da ake kai ƙorafin irin wannan.