Gam ɗin tiyata: kamawa kaɗai ba ta isa ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai faci ya san sai ya goge tayar ta bushe ƙarau kafin ya shafa gam, in da ɗigon ruwa to aikin banza ne. Likitan tiyata ba shi da wannan damar, hanta na malalar jini, huhu na kumbura yana sacewa, zuciya kuma ba ta tsayawa jiran kowa. Ɗinki na aiki, amma fa duk inda allura ta huda sabon rami ne, a huhu ma iska kan bi ta nan ta fice.

An gwada liƙe rauni da dangin supa gulu tun yaƙin Biyetnam, yana kamawa sosai sai dai yana ƙandarewa, in ya fara ruɓewa a ciki kuma yana sakin guba, shi ya sa aka fi barin shi kan fata. Na fibrin, sinadarin da ke sa jini ya daskare, da ake haɗawa daga jinin mutum jiki na cinye shi lafiya lau, amma ba ƙarfi.

A 2017 masana a jami'ar Harvard suka haɗa gam ta hanyar kwaikwayon yauƙin wani dodon koɗi marar ɓawo, suka toshe rami a zuciyar alade da shi. Wanda ya fi burge ni shi ne na jami'ar MIT ta Amurka a 2019, wani ɗan salatif mai fara tsotse ruwan wajen tukun sannan ya kama cikin daƙiƙa 5, wato dai dabarar mai faci ce, kuma in da gelatin (sinadari mai danƙo da ake samu daga jikin dabba) aka yi shi jiki zai narkar da shi daga baya, ba sai an sake buɗe mutum ba.

Ina goyon bayan aikin nan ɗari bisa ɗari, amma abin da ke damuna shi ne wa ake yi wa. Wasu gam ɗin fibrin sai a firiza ake ajiye su. To wanda mota ta buge, hantarsa ta tsage, aka kai shi asibitin ƙaramar hukuma inda wuta ke zuwa tana tafiya, shi ne ya fi kowa buƙata wallahi. Ya kamata jure zafin Afrilu da araha su shiga gwajin tun daga ɗakin bincike. Sannan a rubuta a jikin kwali daga ina gelatin ɗin ya fito, don da yawansa daga fatar alade ake yi, kuma majinyatanmu za su tambaya.