Ƙannena da kuka ci bak, ku dakata kafin ku ajiye takardun neman jami'a

Tun da sakamakon bak, jarrabawar kammala sakandare, ya fito, kusan kowace yamma sai wani yaro ya tare ni a ƙofar gida: "Yaya, wace jami'a ce ta fi suna a karatun injiniya?" Ƙannena, tambayar nan tana damuna, domin suna bai taɓa ɗaura waya ko auna kankare ba.

Ku fara sanin irin injiniyan da kuke son zama. Mai son ma'adinai ya dubi EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu, a Yamai. Mai son gini ko lantarki, ga IUT, wato cibiyar koyon fasaha, ta Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a nan Maraɗi, kada ya raina ta don a gida take. Mai sha'awar aikin ruwa ya bincika makarantar 2iE ta Wagadugu, sai dai aljihu mai zurfi take so. Ku kuma bambance takardun: DUT, wato difloma ta fasaha, shekara 2 ce bayan bak, lisans (digirin farko) 3, takardar injiniya 5. Da yawa sai sun shiga suke gane ba wadda suka nufa ba ce.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne aikin hannu. Akwai ɗan ƙanwar mahaifiyata da ya yi shekara 3 a wata makarantar kuɗi, an sayar da shanu biyu dominsa. Ya dawo da takarda mai tambarin zinariya. Ranar da aka gwada shi aiki, aka miƙa masa na'urar auna wuta, ya tsaya yana juya ta, don a allo kawai ya taɓa ganinta. Wallahi yaron ba dolo ba ne, cutarsa aka yi. Har yau in na tuna yadda mahaifiyarsa ta yi shiru ranar, sai raina ya ɓaci.

Saboda haka kada ku tsaya ga hotunan Facebook. Ku je da ƙafarku, ku ce a nuna muku ɗakin gwaji da wurin injuna. Ku ja ɗan aji uku gefe ku tambaye shi: injinan nan suna tashi? Mutum nawa ke taruwa kan guda? A ina ka yi sitaj, wato koyon aiki a ma'aikata, kuma makaranta ce ta nema maka ko kai ka yi ta yawo? Malaman zaunannu ne, ko masu zuwa sati biyu su zuba darasi su tafi? Ɗalibi ba zai ɓoye muku ba. Sannan ku nemi shaida a rubuce cewa gwamnati ta amince da fannin, ku tambaya ko CAMES, majalisar da ke tantance takardun jami'o'in ƙasashen Afirka masu Faransanci, ta san takardar.

Masu hangen Najeriya, gaskiya ne Kano da Zariya sun fi mana Yamai kusa, kuma Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya tun 1962 take. Amma karatun injiniya can shekara 5 ne, da Turanci zalla, wanda kuwa ya taso da Faransanci sai ya yi da gaske. A 2022 yajin aikin malamai ya rufe jami'o'in gwamnatin tarayya wata 8. Ku sa wannan a lissafi, ku kuma tabbatar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ta amince da sashen.

Sai maganar kuɗi, wadda kunya ke hana ku yi da Baba. Ku zauna da shi ku lissafa na shekarun duka: haya, abinci, mota, kwamfuta. Ko kun samu tallafin ANAB, hukumar tallafin karatu ta Nijar, kada ku jingina komai a kansa. Na san yaran da suka tafi da ɗoki suka dawo a shekara ta biyu don damina ba ta yi kyau ba, alhali da sun zauna nan suna cin tuwon gida da yanzu sun gama.