Francis Drake: gwarzon Plymouth da mutanen da aka loda a jirgi

A kan tudun Hoe da ke birnin Plymouth a Ingila, mutum-mutumin Francis Drake na tsaye tun 1884, na tagulla, takobi a kwiɓi, ga siffar duniya a gefensa, fuskarsa na kallon teku. Mutanen garin na ji da shi, kuma suna da hujja. Shi ne Baturen Ingila na farko da ya jagoranci jirgi ya kewaye duniya, daga 1577 zuwa 1580, har Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta ba shi sarautar Sir a 1581.

Labarin da ya fi yawo a bakinsu na 1588 ne. Wai yana tsakiyar wasan mirgina ƙwallo a kan wannan tudu aka zo aka ce masa ga rundunar jiragen Sifaniya ta doso, sai ya ce da sauran lokaci, a bari ya gama wasa tukuna sannan ya gama da su. Ba a ga labarin a rubuce ba sai bayan shekaru da dama, kuma babban kwamandan yaƙin ma Lord Howard ne, Drake mataimaki. Sai kuma gangarsa. An ce da zai mutu a gaɓar Panama a 1596 ya yi wasiyya a mai da ita gida, duk ranar da Ingila ta shiga uku a buga, zai dawo. Wanda ya tashi yana jin tambarin fada ya san ganga ba fata da itace kawai ba ce, don haka ba na raina masu wannan imani.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. A 1567 Drake ya bi ɗan'uwansa John Hawkins zuwa gaɓar Saliyo. Suka shiga yaƙin da sarakunan wurin ke yi da juna, aka ƙone gari, aka loda ɗaruruwan mutane a cikin jirage, aka tsallaka da su teku aka sayar wa Sifaniyawa. A irin waɗannan tafiye-tafiye ya goge a harkar teku. Mutanen nan na da iyaye, na da sunaye, amma ba su shiga tatsuniyar Plymouth ba.

A 2020 wasu sun nemi a tuge mutum-mutumin. Ni ban goyi baya ba, domin in an kau da shi, an kau da wurin da yaro zai tsaya ya yi tambaya. Ina son ya tsaya, amma malamin da ya kawo ɗalibai gindinsa ya faɗi Saliyo da bakin da ya faɗi wasan ƙwallo. Ya kuma nuna musu tambarin gidan Hawkins, wanda a samansa aka zana baƙar fata ɗaure da igiya.