Rezin da ranar Garwa

'Yan'uwa masu aikin rezin, duk wanda ya ce muku ifoksinsa, wato ruwan rezin ɗin da ake zubawa ya daskare kamar gilashi, ba ya komawa rawaya har abada, ko dai bai san kayansa ba, ko kuɗinku kawai yake so. Ni na ɗanɗana kuɗata, shi ya sa nake magana.

Bara na yi wa wata Hajiya allon sunan shagonta. Farin fenti a ƙasa, na zuba ifoksi a kai, ya fito garau kamar gilashi. Shagon yamma yake kallo, kun kuwa san garin Garwa na Kamaru a Maris da Afrilu, zafi kan haura digiri 40. Ko damina ba ta sauka ba sai ga kiranta: "Ɗana, zo ka ga aikinka." Na tarar allon ya koma kalar man gyaɗa, sai ɗan gefen da inuwar rumfa ta kare ne ya rage fari. Wallahi ranar na kasa ɗaga ido in dube ta.

Laifin ba na hannuna kaɗai ba ne. Yawancin ifoksin da ke kasuwa daga sinadarin bisfenol A ake yin sa, hasken UV na rana kuma, wanda ido ba ya gani, cin sa yake a hankali. Ruwan daskarwa, wato kwalba ta biyu da ake haɗawa da ifoksin don ya daskare, shi ma iska da zafi kan sa ya yi ja tun yana kan kanta. In ka gan shi ya fara sauya kala a shago, ajiye musu kayansu.

Kada kyan kwali ya ruɗe ka. Karanta takardar, ka ga ko an ambaci maganin tare UV da kuma HALS. Na farko yana shanye hasken, na biyu yana tsayar da ɓarnar da hasken ya fara. Su ma jinkirta rawayar suke yi, ba hana ta ba. Abin da zai kwana ya wuni a waje, sai an bi samansa da fentin kariya na foliyuretan nau'in alifatik. A lura da kalmar nan, domin nau'in aromatik shi ma rawaya yake yi. Masu ƙara ruwan daskarwa don aiki ya bushe da wuri kuma, don Allah a bari, a bi awon da aka rubuta.

Yanzu kafin in sayi da yawa, ƙaramar kwalba nake ɗauka. In zuba gwaji biyu a kan farar takarda, ɗaya in ɗora bisa kwanon ɗaki, ɗaya in kulle a akwati. Bayan wata guda in jera su.

Allon Hajiya da kuɗina na sake shi. Tun daga nan, duk wanda ya kawo mini aiki, kafin mu yi ciniki sai na tambaye shi: a ɗaki za a ajiye ko a rana?