Kada ka fi na'urarka sauri

Ƙannena masu tura keken radar da ke hangen ƙarƙashin ƙasa, ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a cikinmu: da zarar mutum ya iya kunna na'ura, ya ga hoto na gudana a allo, sai ya ɗauka ya ƙware, ya shiga tura keke kamar wanda aka biyo. Na san rana na dukan ka, mai aiki kuma na tsaye yana duba agogo. Amma na'urar nan tana da iyakar abin da za ta iya haɗiyewa a daƙiƙa guda, kuma ba ruwanta da gajiyarka.

Ku yi lissafin da kanku. A ce ka saita ta ta ɗauki amsa, wato abin da ke dawowa in ta harba sigina cikin ƙasa, a kowace santimita 2, kuma da saitin da ka yi ba ta wuce amsa 50 a daƙiƙa. Iyakar gudunka mita 1 ke nan a daƙiƙa. Tafiyar babban mutum ta yau da kullum kuwa ta kai kusan mita 1.4. Wato ko ba ka yi sauri ba, ka riga ka wuce ta. In kuma ka ƙara yawan harbin da take maimaitawa a wuri guda don hoton ya fito tas, ko ka buɗe mata lokaci don ta hango zurfi, iyakar nan na iya ƙara sauka. Me zai biyo baya? Tsallake. Wasu na'urorin kan yi ƙara ko su nuna gargaɗi, wasu kuma su cike giɓin da abin da ke kusa, hoton ya fito sumul kamar ba a yi asarar komai ba. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro.

Bututu ko wayar lantarki, in ka ratsa ta a gicciye, takan fito a allo kamar ƙwarya a kife. Sai an sami amsoshi da yawa a jere kafin siffar ta cika. Siririyar waya da ke kusa da sama, ƙwaryarta ƙarama ce, tsallake kaɗan ya isa ya shafe ta. Ga kuma tsalle: keke na gudu a kan tsakuwa, eriya na ɗagawa tana sauka, ƙarfin da ya kamata ya shiga ƙasa yana watsewa a iska.

Sai babbar magana, wato sanin inda kake. Na taɓa shan kunya a nan, shi ya sa nake nanatawa. Na gwada tayar awo, wato tayar da ke ƙirga nisan da keke ya yi, da safe a kan kwalta, daga baya aiki ya kai mu cikin yashi, ban sake gwadawa ba. Taya ta dinga sulɓi, tana ja ba ta juyawa daidai. Da na koma kan kwamfuta na ga bututun ɓaro-ɓaro, na auna da tef na buga fegi inda alƙaluma suka ce. Masu haƙa suka tona har gumi ya jiƙe musu riga, babu komai. Bututun na can gaba da fiye da taku guda. Da a ce wayar wuta ce, kuma fegina ya ce musu inda take babu komai, da labarin ya sha bamban. Kuskuren kashi 2 cikin 100 ba ya cika ido, amma a layin mita 100 mita 2 ne cur.

Don haka duk lokacin da ƙasa ta sauya, shimfiɗa tef, tura keke a kan tazarar da ka sani, ka ga ko taya ta yarda da tef. A dogon layi, sa alama a kowace mita 10, ka danna maɓallin alama daidai lokacin da tsakiyar eriya ta zo kanta. Tsakiyar eriya fa, ba hancin keke ba. Masu zuwa su dawo a layuka, wannan ne ke cin su: in wurin farawa ya goce, bututun da yake miƙe sai ya fito a taswira kamar haƙoran zarto.

Kada kuma GPS ya ruɗe ku. Na gama-gari yakan kauce da 'yan mitoci. Mai RTK, wato wanda ke samun gyara daga wata tasha tsayayya, yana kai wa santimita, amma a fili ne, ka shiga ƙarƙashin itatuwa ko gindin dogon bene ka ga yadda zai rikice. Wanda ke ba da wuri sau ɗaya a daƙiƙa kuma, abin da ke tsakani ƙiyasi ne, ka yi kwana da gudu sai ya yanke maka kwanar. Auna tazarar da ke tsakanin kan GPS ɗin da tsakiyar eriya ka shigar, sannan ka rubuta a littafi inda kowane layi ya fara, inda ya ƙare, da inda ya fuskanta.

In ka ga ƙwarya a allo kana fili, tsaya. Ja keken baya a hankali har alamar da ke nuna inda kake a allo ta hau ƙoƙon ƙwaryar, ka fesa fenti a nan, sannan ka sake ratsa wurin ta wani layi kusa da shi ka ga ko za ta sake fitowa.