Ga 'yan aji biyar da za a damƙa wa ƙararrawa

Ƙannena 'yan aji biyar, da ku nake, musamman waɗanda ke makarantun kwana da ake ji da su a Katsina da kewaye, na gwamnati da na kuɗi. Nan ba da jimawa ba 'yan aji shida za su duƙufa kan WAEC da NECO, a tara ku a asembili a karanto sunaye: wane hedboy, wane firifet na ɗakin cin abinci, wane na leba, wane na masallaci, wane kyaftin ɗin gida kaza. Na san tun yanzu wasunku sun fara cizon yatsa suna jiran ranar. Idan aka tambaye su me za su yi da muƙamin, amsar ɗaya ce: "Ai mu ma an yi mana."

An yi muku, ban musa ba. Ni ma ɗan makarantar kwana ne, na san abin da ake yi. Amma tunda kun ce kuna tunawa, to ku tuna da kyau.

Ɗan aji ɗaya bai fi shekara goma sha ɗaya ko sha biyu ba, rigarsa ta yi masa yawa don an ɗinka ta da niyyar ya girma a ciki. Ana buga ƙararrawa tun kafin kiran assalatu, cikin hunturun Katsina da ke tsaga leɓe, ya ɗauki bokiti ya bi layin famfo. Ruwan farko na siniya ne. Na biyu ma na abokin siniya ne. Kafin ya ɗebo nasa an tada salla, sai ya shafa ruwa a fuska da ƙafa ya ruga masallaci. Daga nan shara, daga nan koko, daga nan asembili, inda za a fito da shi a ce bai yi wanka ba, kuma wanda zai fito da shi ɗin da ruwansa ya yi wanka. A aji yana gyangyaɗi, malami ya ce malalaci ne. Da rana a ɗakin cin abinci babban tebur ya raba gabza, ya tsame naman ya tura masa ruwan miya. Firef, wato zaman bitar karatu, na yamma, wasanni, magariba, firef na dare, a kashe fitila. To a nan ne wata hukumar take hawa kujera. Siniya yana kwance a gadon sama zai ƙwala kira, "Yaro ɗaya!", duk ɗakin ya ruga, wanda ya iso ƙarshe shi ke da aiki: wanki, guga, fifita har mai gida ya yi barci. Ko kuma a miƙa masa naira ɗari biyu a ce gobe ya sayo burodi da madara da suga, ya kawo canji.

Ranar bizitin ma da yaro ke ƙirga kwanaki yana jira ba ta tsira ba. Uwa ta kwana tana soya cincin, ta daka yaji, ta ƙulla ƙuli-ƙuli da garin kwaki, in da hali ta haɗa da dambun nama, ta biya kuɗin mota tun daga Baure ko Mai'aduwa. Motarsu ba ta gama fita ƙofar makaranta ba an tare yaron a bakin loka. Wanda ya ci wannan kayan ya san ba kyauta aka ba shi ba. Ya kira shi da sunan da ya ga dama, a wurin Allah ƙwace ne.

'Yan makarantun kuɗi kada ku ce wannan ba ruwanku, tunda ku akwai ruwa a banɗaki, akwai masu wanki, akwai kaza a faranti. Naku salon daban ne kawai. Ku ne masu leƙen motar da ta kawo uban kowa ranar bizitin. Ku ne masu kwaikwayon Turancin yaron da ya shigo da tallafin karatu har ya daina ɗaga hannu a aji. Ku ne masu ɓoye waya a cikin katifa, in an kama a ɗora wa ƙaramin da aka tilasta wa ajiya. Na taɓa ganin ɗan shekara goma sha shida yana kiran kuku, dattijo mai furfura, da "kai", yana nuna masa faranti da yatsa. Na tabbata a gidansu bai isa ya yi wa direban babansa haka a gaban mahaifiyarsa ba. A makaranta ya koya, wurin na gaba da shi.

Garin nan ya fi kowane gari a Arewa sanin abin da makarantar kwana ke haifarwa. A nan aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922. Ginin ƙasar yana nan, ya zama gidan tarihi. Wanda bai taɓa shiga ba ya roƙi malamin tarihi ya kai su. Daga baya aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Ahmadu Bello ya shiga a 1926, Abubakar Tafawa Balewa ya biyo shi a 1928. Ku lura da tazarar: shekara biyu. Wanda ya shigo a baya shi ya zama Firayim Ministan Nijeriya, na gaban ya zama Firimiyan Arewa, kuma dole suka yi aiki tare har ranar da aka kashe su a Janairun 1966. Kashim Ibrahim da ya zama Gwamnan Arewa a 1962 ɗan makarantar ne. Mutanen da suka yi kwana wuri ɗaya, suka buga wasan fayif a bango ɗaya, su ne suka zauna teburin mulki ɗaya, kowa ya san halin kowa tun ba a fara gemu ba.

Ku matso kusa ma. Muhammadu Buhari ya bar Daura ya zo sakandaren lardi ta Katsina, wadda ake kira Kwalejin Gwamnati yanzu, ya yi hedboy kafin ya fita a 1961. Shehu Musa 'Yar'aduwa ma a nan ya yi. A 1976 Shehu ne mutum na biyu a gwamnatin soja, Buhari kuma kwamishinan man fetur a ƙarƙashinsu. Hausawa suka ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Yaron da kake sa wa tsallen kwaɗo a kan tsakuwa, bayan shekara ashirin shi ne likitan da ke kan mahaifiyarka, ko wanda takardarka ke kan teburinsa. Zai gaishe ka da fara'a, ya ce "siniya, ina wuni", amma bai manta ba. Ku tambayi yayyenku da ke zuwa taron tsofaffin ɗalibai, akwai waɗanda ba sa zuwa, kuma kowa ya san dalili.

Sai dai ba na so ku kyautata wa yaro don tsoron abin da zai zama. Da yawansu ba za su zama kowa ba a idon duniya, kuma haƙƙinsu yana nan daram. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba ya cikinmu wanda ba ya tausayin ƙaraminmu kuma bai san girman babbanmu ba. Kun haddace rabin ƙarshen don ya yi muku daɗi. Da tausayin aka fara.

Kada wani ya ɗauka cewa nake a sakar wa yara. Makarantar da ba horo kango ce. Yaron da ya ƙi tashi salla, ya ƙi shara, ya tsallake katanga ya tafi gari, dole a hukunta shi, kuma a halin tsaron da jiharmu ke ciki, bayan sace ɗaliban makarantar kwana da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020, firifet ɗin da ya ga ana tsallake katanga ya yi shiru ya ci amana. Ma'aunin dai mai sauƙi ne. Laifin da za ka hukunta ya kasance dokar makaranta aka karya, ba son ranka ba. Ka yi shi da rana, a inda hausmasta zai iya wucewa ya gani ba ka ji kunya ba. Kuma kada ka ci riba da shi: in horo ya ƙare da an wanke maka kaya, to bauta ce ka sa. Duk abin da sai an kashe fitila an rufe ƙofa ake iya yi, ka san matsayinsa.

Akwai kuma abin da ya fi duka muni, wanda ake rufewa da sunan "ɗan ɗakina". Babba ya ɗauki ƙaramin yaro yana kare shi, yana ba shi abinci, daga baya ya nemi abin da harshe ba ya son faɗa. Ku kuna kwana a ɗakin, kun fi malamai sani. Wanda ya sani ya rufa asiri don abokinsa ne, da shi aka yi. A kai magana wurin hausmasta, in ya yi sanyi a wuce wurin firinsifal, in ta kama a gaya wa iyaye.

Da zarar an ba ka muƙami, a makon farko ka karɓi sunayen 'yan aji ɗaya na gidanka, ka san kowa da fuskarsa da garinsu. Ka duba wanda ba a zo masa bizitin ba, da mai fitsarin kwance da ake tsokana, da mai sikila ko asma da bai kamata a tura yankan ciyawa cikin ƙura ba. Ka tsaya a ɗakin cin abinci har tebur na ƙarshe ya samu. Bokitinka kuwa, hannu biyu gare ka, kuma famfon bai matsa daga inda ka san shi ba tun kana aji ɗaya.