Taƙi Ɗaya Tsakanina Da Mutuncina

Tun da labarin ya riga ya iso majalisa ta bakin wanda ba a aika ba, gara in ba ku shi da bakina, ko a rage gishirin da aka zuba masa.

Kun dai san na kwashi adashe watan jiya, naira dubu 750. Kun kuma san abin da na faɗa wa uwargida, cewa kwamfutar aiki zan saya. Ba ƙarya na yi ba, buga wasannin kwamfuta FC 24 da Warzone har ƙarfe 2 na dare ai aiki ne, biya ne kawai ba a yi. Na rantse ko sisi ba zan ɗora a kan kuɗin nan ba, kuma ba zan sayi haɗaɗɗiya ba, ni zan tsinto kayan in haɗa da hannuna. Na gaji da yadda in ka doshi Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta, da hula a kanka, tun daga ƙarƙashin gadar Ikeja ake fara maka "Aboki, zo ka ga waya", kafin ka buɗe baki an ninka maka farashi. Na ce sai na nuna musu akwai abokin da ya san ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, samfurin DDR4 ba ya shiga gurbin DDR5 ko da za a danna shi da taɓarya.

Sati 3 na yi ina kwana a YouTube, da littafi da biro kamar mai shirin JAMB. Duk ranar da na gama lissafi sai dala ta motsa, in soke in sake. A ƙarshe na haƙura da sabon yayi, don AM5, sabon soket ɗin da ake ɗora firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) a kai, sai da DDR5, aljihuna kuwa bai kai nan ba. Na tsaya a soket ɗin AM4 da kamfanin AMD ya fitar tun 2016, tsohuwar zuma. Firosesa Ryzen 5 5600, madabod (allon da ake jona komai a kansa) B450 wanda na sa aka sabunta masa BIOS, manhajar da ke tada shi, a gabana don ya gane firosesan, ram guda 2 masu giga 8-8. Katin girafik, mai fitar da hoto, RX 6600 tokunbo, wato na hannu, shi kaɗai ya lashe dubu 300. SSD, rumbun ajiye wasanni da fayiloli, na so in ɗauki tera 1, sai idona ya faɗa kan wani akwati mai gefen gilashi da fankoki 3 masu canza launi, nan take na sauko giga 512. Kada wanda ya tambaye ni dalili.

Wata rana ina waya ina cewa "fawa mai 550 ta ishe ni", Kawu na gefe yana alwala. Ya ɗago da murnarsa ya ce, "Alhamdu lillahi, yaron nan ya yi hankali zai dawo sana'ar gida. Gobe ka same ni abbatuwa a Oko-Oba." Na yi minti 10 ina masa bayanin cewa akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta ne. Ya ce to Allah ya shirya.

Shi kuma Injiniya, wanda duk injiniyancinsa bai wuce canza gilashin waya ba, ya nace sai in sayi 5600G, wai shi yana fitar da hoto da kansa ko babu kati. Na dube shi sama da ƙasa na ce ai mai kati ba ya buƙatar G, kuma G ɗin nan an rage masa rabin ma'ajiyarsa ta ciki, mega 16 maimakon 32. Ya yi shiru. Na ji daɗin shirun nan har cikin raina. Ku riƙe wannan.

Ranar sayayya na yi abin a yaba. Katin nan sai da na sa mai shagon ya ɗora shi a kan injinsa muka kunna FurMark, manhajar gwajin kati, na minti 20, ina tsaye ina kallon zafinsa, ina ba shi labarin yadda tun watan Satumba na 2022, da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da kati, kasuwa ta cika da katunan da aka tatse dare da rana. Mutumin har ya ce, "Oga, kai injiniya ne?" Daga Aboki na koma Oga. Na ce a'a, sha'awa ce kawai, ina gyara zaman hula.

Daren Juma'a na shimfiɗa tabarma na haɗa komai. Na daidaita ɗan kusurwar zinaren firosesa, ƙafa ko ɗaya ban lanƙwasa ba. Ram ya ce ƙas, ƙas. Na jona da talabijin ɗin falo, na kira uwargida da ƙanina su zo su shaida. Bismillah, na danna. Fankoki suka ɗauka, ja, kore, shuɗi, ɗaki ya koma kamar wurin biki. Talabijin kuwa baƙi ƙirin. Na kashe na kunna. Na cire ram na hura masa iska na mayar. Na cire ɗan batirin madabod. Na canza wayar HDMI da ta dikoda. Har ƙarfe 3 na dare, babu ko alamar hoto. Uwargida ta leƙo da mayafinta ta daɗe tana kallon akwatin, ta ce, "Gaskiya fitilar ta yi kyau. Ita ce ta dubu 750 ɗin?"

Kafin asuba na yanke hukunci: an yi mini musanye. Lokacin da yaron shagon ya shiga ciki zai sa katin a kwali, nan aka sauya shi da gawa. Wa bai san labarin waya mai fufu a ciki ba?

Safiyar Asabar na naɗe akwatin da zanin gado na rungume shi kamar jinjiri, na tsaya a Pen Cinema. Kwandasta ya ce kaya sai an biya musu kujera. Na biya. Wata mata ta tambaye ni ko akwatin kifi ne. Ban kula ta ba, ina ta bitar jawabin da zan yi. Tun da aka hana acaɓa a Ikeja a 2022, daga ƙarƙashin gada har cikin Otigba da ƙafa na kai shi, gumi har cikin takalmi, 'yan kiran kasuwa na jan rigata suna tambaya ko sayarwa zan yi.

Na dire shi a kan teburin mutumin, na fara. Jama'a, na yi magana. Turancin da ban san ina da shi ba ya riƙa fitowa, in ya ƙare in ciko da buroka, in ta ƙare in rufe da Hausa. Na ce ya ga hula ya ɗauka baƙauye ne. Na ce ni na san soket, na san BIOS, na san wat. Na ce ko kuɗina ko in kai ƙara ƙungiyar 'yan kasuwa. Kun san Ikko, kafin ka ce kwabo mutum ya kai 30 a bakin shagon, har da masu ɗaga waya.

A nan ne Baba ya shigo labarin. Wani dattijo ne mai yankan farce, da ɗan almakashinsa yana kaɗa shi cakas-cakas. Ya ji Hausa sai ya ratsa taron ya tsaya a kafaɗata. "Kada ka yarda, ɗana! Kada ka yarda! Haka suke mana!" Bai san abin da aka saya ba, bai san abin da ya lalace ba. Ya ce shi tun zamanin Shagari yake garin nan, babu kalar cutar da bai gani ba. Ya nuna fanka da almakashi ya ce ai ko makaho ya shafa wannan ya san jabu ce. Na ce Baba ba ita ba ce, kati ne. Ya ce to katin ma jabu ne. Duk jimlar da na faɗa sai ya maimaita ƙarshenta da ƙarfi kamar sanƙira. In na ce "kuɗina", ya ce "kuɗinsa!" In na ce "BIOS", ya ce "ƙwarai kuwa!" Wallahi shi ya ƙara mini zafi. Da ni kaɗai ne da tuni na sassauta murya.

Mai shagon bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba, abin da ya kamata ya ankarar da ni ke nan. In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse. Ya turo mini monita da waya ya ce, "Oga, jona yadda ka jona a gida, kowa ya gani."

Na ce ai dama haka nake so. Na naɗe hannun riga. Na zagaya bayan akwatin, na ɗaga wayar sama yadda na baya ma za su gani, kamar mai rufa-ido zai fara wasa, na soka ta a ramin HDMI na sama, wanda ke jere da ramukan USB. Na danna. Fitilu suka kama rawa. Monita ta ce babu sigina. Na juyo na fuskanci jama'a, na ware hannuwa biyu. Baba ya ce, "Allahu Akbar! Gaskiya ta yi halinta!"

Akwai wani yaro a gefe, ɗan koyon aiki, bai fi shekara 15 ba, yana zaune kan kwalin firinta yana cin fanke a leda. Tun da na fara jawabi bai ce uffan ba. Ya tashi. Bai ajiye fanken ba, wannan shi ya fi ci mini rai. Da hannun hagu ya zare wayar daga inda na sa ta. Ya sauko ƙasa kaɗan, taƙi ɗaya, inda bayan katin girafik ya leƙo. Ya sa farce ya ɓalle wani ɗan baƙin murfin roba da ni duk dare na ɗauka ado ne. Ya soka wayar. Ya koma kan kwalinsa ya ci gaba da tauna.

Daƙiƙa kamar 3 aka yi. Na roƙi Allah a cikinsu abin da ban taɓa roƙo ba, na ce ya Rabbi ka sa katin nan ya kasance matacce. Dubu 300 ɗina ne fa, amma na yarda su tafi. Sai monita ta yi ƙyaf, tambarin madabod ya fito ɓaro-ɓaro, fes, kamar an wanke shi.

Ryzen 5 5600 ba shi da abin fitar da hoto a cikinsa. Ramin da ke jikin madabod, in ba firosesa mai G ka ɗora ba, rami ne kawai. Na san wannan. Yana shafi na 2 a littafina, na ja masa layi da jan biro. Da shi na rufe wa Injiniya baki. Ranar gwaji kuma minti 20 na yi ina kallon gaban monita ina ba da lacca kan Ethereum, ban leƙa baya na ga inda aka sa waya ba.

Hannuwana fa har lokacin a ware suke. Ban san yadda ake mayar da hannu ba in an ware shi haka. Na fara sauke na dama a hankali, na yi kamar ƙeya nake son sosawa. Shiru ya ɗan ratsa, sai wata mai sayar da caja ta fashe da dariya har tana dukan cinya, shi ke nan wuri ya ɗauka. Wani ya ce a sake, bai ɗauka da kyau ba. Mai shagon ya dafa kafaɗata cikin tausayi ya ce, "Ba komai, Aboki." An mayar da ni inda aka ɗauko ni. A bayan akwatin kuma ga shatin yatsan mai na yaron nan yana ƙyalli, har yau ban goge ba, na kasa kallon wurin.

Na waiga in ga Baba, mutumin da ya rantse zai raka ni har ofishin 'yan sanda. Ya riga ya koma gefen mai shago. Yana girgiza kai yana cewa, "Yaran yanzu ba sa bincike. Ni tun da na ga bawan Allahn nan na san mutumin kirki ne." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ba shi haƙuri mana, ƙaramin sani ƙuƙumi ne." Na ba da haƙuri. Na ba yaron 1,000, ya karɓa da hannun fanken. Ina naɗe akwatina Baba ya biyo ni har bakin titi, wai tun da ya bar sana'arsa ya tsaya mini, ai na ba shi na goro. Na ba shi 500 don ya rabu da ni. Ya dubi hannuna ya ce farcena ma ya isa yanka.

Abin da ban sani ba, ashe Baba ma a Agege yake kwana. Juma'ar da ta biyo baya ina fitowa daga masallaci na ji cakas-cakas a bayana. "Injiniya! Ya talabijin?" A gaban Kawu. A gaban Injiniya na ainihi, wanda tun ranar duk inda ya gan ni ba ya gaisuwa, sai dai ya ce "G" ya wuce. Har yau ina kan bakana cewa 5600 ya fi, kuma da kati a ciki ba lallai ne ramin saman ya yi aiki ba ko da mai G ne, amma wa zai saurare ni yanzu. A labarin da Baba ke bayarwa kuwa, shi ne ya hango matsalar tun farko ya ƙyafta wa yaron ido. Jiya na ji an ce taron ya kai mutum 200 kuma na yi kuka. Ban yi kuka ba. Gumi ne.

Gilashin gefen ya tsage a danfo wajen dawowa, wani ya jingina buhun garin kwaki a kansa. Na manne shi da salatif. Kwamfutar dai tana aiki lafiya, in an kawo wuta. Warzone na nan yana sauka tun ranar Talata, ya kai kashi 41 data ta ƙare. Uwargida ta ce in bar mata fitilun a kunne da daddare, yaro ya fi saurin yin barci.